Hoga: Daga Gobarar Pearl Harbor Zuwa Gidan Tarihi a Kogin Arkansas

Manyan jiragen yaƙi takwas Amurka take da su a tashar Pearl Harbor ta tsibirin Oahu a Hawai ranar 7 ga Disamba 1941, ranar da Japan ta kai harin da ya jefa Amurka cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Yau ko ɗaya ba ya kan ruwa. Arizona na kwance a ƙasan tashar, ya zama kabarin waɗanda suka mutu a cikinsa. Oklahoma ya nitse a tsakiyar teku a 1947, ana janye da shi zuwa Kalifoniya don a yanka ƙarfensa. Nevada da Pennsylvania an yi gwajin makamin nukiliya a kansu, aka nitsar da su a 1948. Sauran huɗun, wato California da Tennessee da Maryland da West Virginia, a 1959 aka sayar wa masu yankan ƙarfe.

Wanda ya rage daga cikin jiragen rundunar sojin ruwan da suka ga wannan rana shi ne wanda ba a ƙera don ya harbi kowa ba: wani ɗan jirgin janwe mai suna Hoga, mai lamba YT-146. Yanzu haka yana ɗaure a bakin Kogin Arkansas, a birnin North Little Rock, ɗaruruwan kilomita daga teku, mutane na zuwa kallonsa. Yadda aka yi ya kai nan darasi ne ga duk mai sha'awar adana kayan tarihi, domin ba bama-baman Japan ne suka fi kusa hallaka shi ba. Shekarun da ya fi shiga haɗari su ne waɗanda suka biyo bayan an ba shi lambar girma, aka sallame shi daga aiki.

Ƙirarsa da aikin da aka yi shi dominsa

Kamfanin Consolidated Shipbuilding ne ya ƙera Hoga a unguwar Morris Heights ta birnin New York. An fara aikin a watan Yuli 1940, aka saka shi ruwa ranar 31 ga Disamba na shekarar, ya kama aiki ranar 22 ga Mayu 1941, sannan aka tura shi Hawai. Tsawonsa ƙafa 100 ne, kimanin mita 30, faɗinsa ƙafa 25, nauyinsa tan 325. Ma'aikatansa mutum 11 ne kacal. Shugabansu, Joseph McManus, ba ya cikin manyan hafsoshi. Mutum ne da ya taso daga ƙasa a aikin igiya da anga har ya kai muƙamin da za a damƙa masa jirgi.

Sai an san abin da jirgin janwe yake yi kafin a gane abin da ya faru ranar harin. Babban jirgi gwani ne a fili, amma in ya shigo tasha ya rage gudu, sitiyarinsa ba ya jin magana, domin sai ruwa na gudu da ƙarfi a jikin allon juyawa kafin ya juya jirgi. A nan ake kiran ƙananan jiragen janwe. Wani ya ɗaura masa igiya ya ja, wani ya kafa masa hanci a haƙarƙari ya tura, har a kwantar da shi a jikin gaɓa. Shi ya sa ake lulluɓe hancin irin waɗannan jirage da saƙaƙƙiyar igiya mai kauri, don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Hoga kuma an ƙara masa famfunan kashe gobara, masu zuƙo ruwan teku su watsa.

Akwai wani abu a cikin injinsa da ya yi rana. Manyan jiragen yaƙi na lokacin da tururi suke tafiya, kuma tukunyar tururin da ta huce sai ta ɗauki sa'o'i kafin ta iya motsa jirgi. Hoga kuwa injin dizal gare shi, mai juya janareta, janareta ta ba injin lantarki wuta, shi kuma ya juya farfela. Ana tayar da shi yana tashi. Don haka da bama-bamai suka fara sauka, gab da ƙarfe takwas na safiyar Lahadi, cikin minti goma ya kwance igiyoyinsa ya shiga ruwa, yayin da ƙattan ke ɗaure suna shan wuta.

Kwana uku a cikin wuta

Jiragen saman Japan 353 ne suka zo, kashi biyu. Amurkawa 2,403 suka mutu, kusan rabinsu, mutum 1,177, a cikin Arizona kaɗai, bayan da bam ya ratsa shi ya tarar da ma'ajiyar harsasai. Man da ya kwarara daga fasassun jirage ya bazu a kan ruwa ya kama da wuta. Cikin wannan ruwan Hoga ya ratsa, ya tsamo mutum biyu a hanya, ya nufi inda ake bukatarsa.

Aikinsa na farko shi ne Vestal, wani jirgin gyare-gyare da tsautsayi ya sa aka ɗaure shi a jikin Arizona. Fashewar Arizona ta yi jifa da kwamandan Vestal, Cassin Young, cikin ruwa. Ya yi iyo ya dawo ya hau jirginsa, ya ba da umarni a sare igiyoyi. Vestal ɗin ma bam biyu sun same shi, ga wutar maƙwabcinsa na lasarsa. Hoga ya taimaka aka janye shi daga jikin Arizona, daga baya aka kai shi wuri marar zurfi aka dasa shi a ƙasa don kada ya nitse.

Daga nan sai Oglala, tsohon jirgin dasa nakiyoyin ruwa, wanda ke ɗaure a gefen jirgin yaƙi Helena. Bam ɗin ƙarƙashin ruwa ya wuce ta ƙasan Oglala ya daki Helena, amma girgizar ta farke jikin tsohon, ruwa ya fara cika shi. Damuwar ita ce in ya kife a inda yake, zai danne Helena a jikin gaɓa. Aka matsar da shi baya. Ya kife ɗin, amma shi kaɗai.

Abin da ya fi fitar da sunan Hoga shi ne Nevada. Cikin manyan jiragen takwas, Nevada kaɗai ya iya tashi, saboda an yi dace tukunyarsa biyu na da wuta a safiyar. Wajen ƙarfe 8:40 ya kama hanyar fita, alhali bam ɗin ƙarƙashin ruwa ya riga ya huda shi. Kashi na biyu na jiragen Japan suka hango shi yana tafiya, suka yi masa rubdugu. Gabansa ya kama da wuta, yana shan ruwa, yana ƙara nitsewa.

Ga inda matsalar take: ƙofa ɗaya Pearl Harbor take da ita, doguwar mashiga ce siririya. Jirgi mai nauyin kusan tan 30,000 ya zauna a tsakiyarta, duk abin da ke ciki ya shiga kurkuku, na waje kuma ba shi da wurin shan mai ko gyara. Wanda ya tuna yadda jirgin dakon kaya Ever Given ya toshe mashigar Suez ta Masar na kwana shida a watan Maris 2021 zai gane irin fargabar da aka shiga, sai dai a nan ana cikin yaƙi ne, kuma jirgin nitsewa zai yi, ba maƙalewa ba. Aka umarci Nevada ya bar hanya ya dasa kansa a gaɓa. Ya yi hakan a wurin da ake kira Hospital Point, amma igiyar ruwa ta fara juya bayansa, zaman bai yi daidai ba.

Hoga ya zo ya ɗaure kansa a gaban Nevada, daidai inda wutar ke ci, ya sakar mata ruwa. Sannan shi da wani jirgin janwe suka ciro Nevada daga inda ya dasu, suka tura shi ƙetaren mashigar zuwa Waipio Point, inda ya zauna a ƙasa ba tare da ya tare hanya ba. Nauyin Nevada ya ninka na Hoga kusan sau 90. Tamkar a ce Keke Napep ne ya kafa kai a jikin tirelar da ke cin wuta yana turawa, kuma tirelar cike take da harsasai.

Sau da yawa masu ba da wannan labari kan ce Hoga ne ya ceci Pearl Harbor. Wannan zuzutawa ce. Ma'aikatan Nevada ne suka fitar da jirginsu daga tsakiyar hanya tun farko, kuma ba Hoga kaɗai ya yi turin ba. Abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba ya ishe shi: an bukaci wanda zai manne wa jirgi mai cin wuta, ya zauna a manne har a gama, mutum 11 ko ƙasa da haka suka yi.

Bai huta ba. Ya koma layin manyan jirage ya taya kashe wuta a Maryland da Tennessee, sannan ya tsaya a kan Arizona daga ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi har ƙarfe ɗaya na ranar Talata, 9 ga Disamba. Gaba ɗaya an ƙiyasta aikin nasa a sa'o'i 72 a jere. A watan Fabrairu 1942 Admiral Chester Nimitz, sabon kwamandan rundunar tekun Pasifik, ya rubuta wa McManus da mutanensa takardar yabo, yana ambaton yadda suka ɗaure jirginsu a gaban wanda ke cin wuta ba tare da sun duba lafiyar kansu ba.

Sauran shekarun yaƙin a tashar ya yi su, yana ja yana turawa, yana taya kwashe tarkace. Akwai wani sanannen hoto na ranar 27 ga Mayu 1942, lokacin da Yorktown, jirgin dakon jiragen sama, ya shigo Pearl Harbor da raunukan da ya samo a yaƙin Tekun Coral. In aka duba gaban hoton za a ga ɗan jirgin janwe, Hoga ne. An gyara Yorktown cikin kwana uku ya tafi yaƙin Midway, can ya nitse. Shi kuwa Nevada an ɗago shi a Fabrairu 1942, aka gyara, har ya yi luguden wuta a gaɓar Normandi ta Faransa a 1944.

Oakland

Da yaƙi ya ƙare, Amurka ta wayi gari da jirage fiye da bukatarta, ta shiga sayarwa da yankawa. Hoga ya tsira ne saboda wani yana da aikin da zai ba shi. Birnin Oakland, wanda ke kallon San Francisco ta ƙetaren ruwa, yana da tasha mai cike da rumbunan kaya da gadojin katako, ba shi kuma da jirgin kwana-kwana. A 1948 rundunar sojin ruwa ta ba shi aron Hoga. Aka ƙara wa famfunansa ƙarfi daga galan 4,000 zuwa galan 10,000 a minti ɗaya, aka sa masa suna Port of Oakland, daga baya City of Oakland. Kashegarin ranar da aka ƙaddamar da shi aka kira shi gobarar wani jirgin kaya mai suna Hawaiian Rancher.

Fiye da shekara 40 ya yi a wannan aiki. Ya kashe gobarar jirage da ta rumbuna, ya tsamo waɗanda suka faɗa ruwa, ya ɗauki Shugaba Jimmy Carter ya zagaya da shi tashar a watan Yuli 1980, ya kuma shiga cikin waɗanda suka fita gobarar tankar Puerto Rican a ƙarshen 1984. Wannan dogon zango ba ya samun kulawar marubuta, amma shi ne dalilin da ya sa akwai Hoga a yau. Jirgin da ake bukata ya tashi da tsakar dare dole a riƙa tayar da injinsa, a canza mai, a kankare tsatsa, a yi fenti, a fito da shi tudu lokaci-lokaci a duba ƙasansa. Ba don tarihi ake yin wannan ba, don gobarar gobe ake yi, kuma kuɗinsa na cikin kasafin kowace shekara.

Shekaru ashirin da ɗaya na jira

A 1989 gwamnatin Amurka ta sa Hoga cikin jerin kayan tarihi na ƙasa masu daraja ta farko. Matsayi ne babba, sai dai takarda ce; ba ta zuwa da kuɗin fenti. A 1994 Oakland ta sami sabon jirgi, ta mayar wa rundunar sojin ruwa kayanta. Rundunar ba ta da abin yi da jirgin janwe ɗan shekara 53. Aka kai shi Suisun Bay, wani lungun ruwa a arewa maso gabashin San Francisco inda ake jere tsofaffin jiragen gwamnati ana jiran ranar da za a bukace su, ko kuma, galibi, ranar da za a yanka su. Tun a 1995 ƙungiyar National Trust for Historic Preservation ta sa shi cikin jerin abubuwan tarihi 11 da suka fi fuskantar barazanar salwanta a ƙasar.

Ba wai an rasa masu so ba ne. An nema daga Hawai, an nema daga Florida. Abin da ya tsayar da su shi ne sharaɗin kyautar. Rundunar sojin ruwan Amurka kan bayar da tsohon jirgi kyauta ga birni ko ƙungiyar da ba ta neman riba, amma bisa sharaɗin gwamnati ba za ta kashe ko kwabo ba. Mai nema ne zai nuna inda zai ɗaure shi, yadda zai kai shi can, yadda zai kula da shi shekara da shekaru, da kuma inda kuɗin zai fito. A Hawai, inda kowa zai ce nan ne gidansa, abin bai yiwu ba.

Wanda ya yi nasara bai da alaƙa da teku ko kaɗan. Magajin garin North Little Rock na lokacin, Patrick Hays, yana ƙoƙarin raya bakin kogin birninsa ne ya zama wurin yawon buɗe ido. A 2004 birnin ya riga ya kawo Razorback, jirgin ƙarƙashin teku da ke mashigin Tokyo ranar 2 ga Satumba 1945 da Japan ta sa hannu kan miƙa wuya, wanda daga baya ya yi wa rundunar Turkiyya aiki tun daga 1970 da sunan Muratreis. Dabarar a bayyane take: in aka sami Hoga, gidan tarihin zai mallaki jirgin da ya ga ranar da Amurka ta shiga yaƙin da wanda ya ga ranar da aka gama shi. A watan Yuli 2005 rundunar ta sa hannu, Hoga ya zama na North Little Rock.

Sai kuma shiru. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, askin nan kuwa shekara goma ya ɗauka. Hoga ba jirgin da za a ɗaura wa igiya a ja shi a buɗaɗɗen teku ba ne a halin da yake ciki. An yi shi ne don ruwan tasha, ga tsufa, ga shekarun da ya yi ba a taɓa shi. Dole a gyara jikinsa, dole a sami babban jirgin da zai goya shi, kuma duk wannan daga gudummawa da aljihun ƙaramin birni. Ya ci gaba da zama a Suisun Bay har 2012, sannan aka kai shi Mare Island da ke Vallejo a Kalifoniya aka fito da shi daga ruwa aka yi masa aiki. A 2015 aka yi jigilarsa ta mashigar Panama, daga baya aka haura da shi Kogin Mississippi, aka shiga Kogin Arkansas. Ranar 23 ga Nuwamba 2015 ya isa, ya shiga gidan tarihin Arkansas Inland Maritime Museum, kusa da Razorback.

In aka lissafa, shekara bakwai ya yi wa soja aiki, fiye da 40 ya yi wa 'yan kwana-kwana, 21 kuma ya yi yana jiran masauki. Zaman jiran ya ninka zamansa na soja sau uku.

Shin an kai shi inda ya dace?

Masu cewa a Pearl Harbor ya kamata ya ƙare suna da hujja. Can ne mai ziyara zai tsaya a kansa ya hango inda Arizona yake, ya ga ƙuncin mashigar da idonsa, ya auna tazarar Hospital Point da Waipio Point. A bakin Kogin Arkansas sai dai a yi masa bayani da taswira. Amma ni a ganina muhawarar ta riga ta mutu tun lokacin da aka ba kowa dama, waɗanda suka fi cancanta suka kasa samunsa. Zaɓin gaskiya ba tsakanin Hawai da Arkansas yake ba, tsakanin Arkansas ne da wutar masu yankan ƙarfe. Ga kuma wata riba da ba a cika ambata ba: ruwan kogi ba ya cin ƙarfe kamar ruwan gishiri. A Hawai kuwa, inda Arizona da babban jirgin yaƙi Missouri suka riga suka kwashe hankalin baƙi, da wuya ɗan jirgi mai ƙafa 100 ya sami wanda zai waiwaye shi.

Inda nake da ja shi ne wane Hoga ake nunawa. An mayar masa da launin toka na soja da lambarsa ta 1941, kuma labarin da ke jawo mutane shi ne na kwana ukun nan. Ba laifi, shi ne ke sayar da tikiti. Amma mutanen Oakland da suka riƙe shi zuriya biyu, suka shafa masa mai, suka fita da shi gobara, su ma tarihinsa ne, kuma ba don su ba da babu abin da za a fenta. Gidan tarihin da ya taƙaita rayuwar jirgi mai shekara 80 da 'yan kai zuwa sa'o'i 72 ya bar mafi yawanta a waje.

Sannan aikin bai ƙare da isowarsa ba. Ƙarfen jikinsa na 1940 ne, kuma duk jirgin da ke zaune a ruwa, ko na kogi ne, wata rana sai an sake fito da shi tudu an duba ƙasansa, an yanke inda ya ruɓe an liƙa sabo. A Oakland kasafin kashe gobara ne ke ɗaukar wannan nauyi. A North Little Rock kuwa ya rataya a kan kuɗin shiga, da gudummawa, da masu aikin sa kai, da kuma ko magadan garin da za su zo nan gaba za su damu da jirgin kamar yadda wanda ya kawo shi ya damu.